Yadda za ka bi da yaro mai buga gem ɗin harbi ba tare da ka fasa waya ba

Lokacin bakans ɗin bana na je gidan yayata a unguwar Zariya nan Maradi bayan la'asar, na tarar da yara huɗu sun haɗa kai kan waya guda cikin zaure suna ta ƙyalƙyala dariya. Ɗanta ne riƙe da wayar, shekararshi 11. Na leƙa. GTA San Andreas ne, ya tare wata mata bakin titi cikin gem ɗin yana ta jibgarta da kulki har ta faɗi, kuɗi suka zube ƙasa ya bi ta kai ya kwashe, sai ƙaramin cikinsu wanda ko lakwal bai shiga ba ya ce "ƙara mata, ƙara mata". Na ce kai mi kake yi haka? Ya ɗago ya ce "Kawu ai gem ne, ba mutuwa take da gaske ba, in na zagayo wata za ta fito."

Ni ba na cikin masu cewa gem duk shaiɗanci ne, don wannan San Andreas ɗin da ya fito 2004 na buga shi a gidan gem ina saurayi, kan na'urar PlayStation da ake ce ma PS2, mu biya dala ashirin mu zauna har a kore mu. Abin da ya tayar min da hankali daban ne. A gidan akwai wata innarmu da ta taso daga wani ƙauye na wajen Madarunfa saboda 'yan bindiga sun hana su barci, to wani dare yaron nan ya kunna Free Fire ya ƙure murya, harbi ya fara tashi ta-ta-ta daga ɗakin yara, tsohuwa ta zabura daga tabarma ta sungumi jikanta ta nufi ƙofa ko takalmi babu. Sai da yayata ta riƙe ta tana cewa Inna waya ce, waya ce. Ta zauna jikinta na ɓari, har aka yi asuba ba ta runtsa ba. Mu nan jihar Maradi ƙarar bindiga ba a fim muka san ta ba, tun 2019 mutane suke kwararowa daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa wajen Gidan Rumji, namu na bakin iyaka ma ba su tsira ba. Shi ya sa nake ganin bai kamata mu bar maganar nan a hannun yara su kaɗai ba.

To ga yadda na bi, kuma na ga ya yi aiki fiye da duka.

Kar ka fara da ƙwace waya. Na san hannu na ƙaiƙayi, amma in ka ƙwace yau gobe yana gidan abokinshi ko yana gidan gem da kuɗin cefanen da ya rage, kuma daga ranar ba zai sake nuna maka abin da yake bugawa ba. Ka samu wuri ka zauna kusa da shi ka ce nuna min yadda ake yi. Yara suna son a tambaye su abin da suka iya, za ka ga bakinshi ya buɗe yana maka bayani kamar mushe malamin lakwal. Ka kalla kamar minti ashirin baka ce komai ba, idonka na kan abu uku: wa ake kashewa, don mi ake kashe shi, kuma mi gem ɗin yake ba yaron in ya kashe. Nan ne bambancin yake. Free Fire, na kamfanin Garena da ke Singafo wanda ya fito 2017, mutum 50 ne ake zubawa kan tsibiri kowa da makami, wanda ya rage shi ya ci, wasa guda kamar minti goma. PUBG mutum 100 ne kuma ya fi daɗewa, yakan kai rabin awa. Waɗannan harbi ne tsakanin masu makami da masu makami, kamar langa ce da bindiga. GTA kuwa gari ne aka buɗe maka, akwai mai tafiya kasuwa akwai tsoho akwai ɗan sanda, ka ga dama ka bi ta kansu da mota, ka sace motar wani, ga gidajen mata ga ƙwaya ga ashar. Mortal Kombat kuma in an gama faɗa sai a ba ka dama ka tsinke kan mutum ko ka zare mishi ƙashin baya jini na tsartuwa. Duk sunansu gem amma wallahi ba ɗaya suke ba, wanda ya haɗa su ya yanke hukunci guda ko dai ya hana yaro abin da ba komai ko ya bar mishi abin da ko babba sai ya kau da kai.

Daga nan sai ka duba lambar shekaru. Masu yin gem ɗin da kansu sun rubuta wa ya kamata ya buga, mu ne dai ba mu dubawa. A jikin kwalin faifan PS da ake kawowa daga Turai akwai wani ɗan murabba'i a ƙasa mai lamba 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, ana ce mishi PEGI, tun 2003 suke amfani da shi. 3 da 7 kore ne, 12 da 16 ruwan lemo, 18 ja. A bayan kwalin akwai ƙananan zane, dunƙulallen hannu yana nufin duka da kisa, gizo-gizo abin tsoro, allura ƙwaya, 'ya'yan ludo caca. In faifan na Amurka ne harafi za ka gani, E na kowa, T daga shekara 13, M daga 17. A waya kuma ka shiga Play Store ka rubuta sunan gem ɗin, ƙarƙashin sunan za ka ga lambar. San Andreas da GTA 5 duk 18 ne. Ƙwallon FIFA 3 ne, Minecraft 7. Na nuna ma ɗan yayata jar lambar nan da idonshi na ce karanta min, ya ce 18, na ce kai nawa gare ka, ya yi shiru. Wannan ya fi min sauƙi da in ce na hana don na hana, don yanzu ba kawu ne mai takura ba, su masu abin ne suka ce ba naka ba ne tukun.

Kuma wannan lambar ba daga sama ta faɗo ba, rigima aka sha kafin a same ta. Da Mortal Kombat ya fito 1992 iyaye a Amurka sun yi ca, har majalisar dattawansu ta zauna kan maganar a 1993, shi ne a 1994 kamfanonin suka kafa hukumar da ke sa haruffan nan don kar gwamnati ta sa musu hannu. Abin da ke ban mamaki a labarin, lokacin da aka kawo gem ɗin na'urorin gida Nintendo sun cire jinin sun mai da shi kamar zufa, Sega kuwa suka bar wata lamba ta ɓoye da in ka danna jini ya dawo, kuma na Sega ɗin aka fi saye. Tun daga nan 'yan kasuwa suka gane mi ke kawo kuɗi. A 2011 ma kotun ƙolin Amurka ta soke dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar ma yara irin waɗannan wasanni, ta ce suna cikin 'yancin faɗin albarkacin baki kamar littafi da fim. Su dai sun yi gardama shekara da shekaru kafin su karɓa, kuma sun karɓa da sharaɗi. Mu kuwa ta katin memori abin ya shigo, ba wanda ya tambayi kowa, ba liman ba mai unguwa ba uba, mun farka kawai mun ga yara suna ihun "buya", ihun cin wasa na Free Fire, a fada kuma muka saba.

Wani zai ce ai mu ma muna da dambe da kokowa da shaɗi, faɗa ba baƙonmu ba ne. Gaskiya ne, kuma mu mutanen Maradi ba a gaya mana kokowa, Kantu namu ne ya fara ɗaukar takobi a 1975. Amma ka tuna yadda filin yake. Alƙali na tsaye, manya na zaune, makaɗa na gefe, da gwiwa ta taɓa ƙasa an gama, wanda ya kayar yakan miƙa hannu ya tada wanda ya faɗi, gobe su haɗu kasuwa su gaisa. Yaro yana kallon ƙarfi yana kuma kallon iyakar ƙarfi a lokaci guda. Cikin waya ba babba ko ɗaya, daga shi sai tsaranshi sai wasu ƙattin da bai san ko daga wace ƙasa suke ba. Babban da ya ɓace a filin nan shi nake so ka zama.

Sai maganar kulle. In wayar Android ce, kuma yawancin namu ita ce, ka buɗe Play Store ka taɓa hoton da ke sama hannun dama, ka shiga Paramètres, sai Famille, sai Contrôle parental. Ka kunna, zai nemi ka sa lambar sirri guda huɗu, dan Allah kar ka sa shekarar haihuwarka ko 1234 don yaron zai gano kafin ka kai ƙofa. Sai ka zaɓi iyakar shekaru, misali 7 ko 12, duk abin da ya wuce nan ba zai sauka ba. In yaron yana da tashi wayar daban to ka sauke Family Link na Google kan taka, kyauta ne, ka haɗa da tashi, daga nan kana iya sa awa nawa zai yi a rana, ƙarfe nawa wayar za ta kulle da dare, kuma ba abin da zai sauke sai saƙo ya zo maka ka yarda. Ranar farko yana ɗan cin lokaci da forfe, in ya rikice maka ka kai ma masu gyaran waya na bakin kasuwa su haɗa maka amma kai za ka danna lambar sirrin da hannunka.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, kullen Play Store ba ya taɓa abin da ya riga ya shiga wayar, kuma ba ya hana wanda aka turo ta Xender, manhajar tura abu daga waya zuwa waya, ko aka zuba a memori, alhali nan garin ta nan ne rabin gem ke yawo. Yaro ya ba mai turi dala goma ya cika mishi kati, ko abokinshi ya tura mishi a bakin lakwal cikin minti biyu. Akwai kuma wata manhaja PPSSPP mai buɗe wasannin PSP, wato ƙaramar PlayStation ta hannu, cikin waya, alamarta shuɗiya ce ko ruwan zinari, in ka gan ta ka buɗe ka ga mi ke ciki don sunayen wasannin ba sa fitowa a fuskar waya. Saboda haka kulle rabin aiki ne, sauran rabin ido ne.

Abin da ya fi jinin ma damuna shi ne murya. A Free Fire da PUBG da Call of Duty na waya yara suna magana kai tsaye da duk wanda aka haɗa su, na saurara da kunnena, ashar da Hausa da Faransanci da Larabci, zagin uwa kamar ruwan sama, yaro ɗan shekara 10 yana maimaitawa don kar a ce shi ƙarami ne. Wasu kuma manya ne suke neman lambar WhatsApp ɗin yaro da sunan za su ba shi dayamon, wato kuɗin sayayya na cikin gem, kyauta. A gefen allon akwai alamar makirufo da ta lasifika, ka nuna mishi ya kashe ta kowa da kowa ya bar ta abokan da ka sani kawai, kuma ka gaya mishi a fili, ba lamba, ba hoto, ba sunan kartiye, ko wa ya tambaya. A PUBG akwai wurin da ake canza kalar jini zuwa kore, ka canza, ba ya gyara komai a ainihin wasan amma ga ƙananan da ke leƙe ta kafaɗa ya rage wani abu. Dayamon ɗin nan kuwa da kuɗin gaske ake saye, ka cire duk wata hanyar biya daga wayar da yaro ke riƙewa, ka kuma lura in kiredinka ya fara ƙarewa ba dalili.

Lokaci. Nan ne faɗa ke tashi a kowane gida kuma yawanci don ba mu san yadda wasan yake ba ne. Gem ɗin da ake bugawa ta intanet ba a tsayar da shi, in ka ce aje yanzu-yanzu yana tsakiyar wasa to ka sa ya watsar da abokanshi uku a fili kuma makinshi ya faɗi, shi ya sa kake ganin yaro mai ladabi ya koma yana gunaguni yana buga ƙafa. Maimakon haka ka ce in wannan ya ƙare kar ka shiga wani, minti goma ne a Free Fire. Mu dokar da muka aje a gidan yayata, ba a fara sabon wasa in saura kwata a kira salla, ba gem ranakun lakwal sai an dawo daga makarantar allo an yi aikin gida, kuma ƙarfe tara waya tana ɗakin uwa kan caji. Harbi kuma ba a kunna shi da murya a tsakar gida, ko a sa abin kunne ko a kashe sautin, saboda Inna. Mun zauna da shi muka tsara, shi ma ya faɗi nashi, ya roƙi a ƙara mishi awa ɗaya ran asabar aka ƙara. In yana ganin an matsa mishi ka ba shi labarin Sin, can tun 2021 doka ce ta ƙasa, wanda bai kai 18 ba awa ɗaya kawai zai buga ta intanet, daga takwas zuwa tara na dare, juma'a da asabar da lahadi da ranakun hutu.

Tambayar da yayata ta yi min tana hawaye ita ce, ƙanena yaron nan ba zai zama ɗan ta'adda ba kuwa? Na ce mata Yaya kwantar da hankalinki. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2015 akwai alaƙa tsakanin gem ɗin kisa da ƙaruwar zafin rai, irin tsawa da ture-ture da raguwar tausayi, amma a 2020 ta sake jaddada cewa ba hujjar da ta isa a ce shi ke sa mutum ya ɗauki makami ya yi kisa. Wani bincike na jami'ar Oksfod a 2019 kan yara kusan dubu 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya bai ma ga alaƙar da zafin ran ba. Waɗanda suka addabi ƙauyukanmu ba waya ce ta kai su daji ba, kowa ya san wannan. Ni abin da nake tsoro ƙarami ne kuma a hankali yake shiga, yaro ya saba dariya a inda ya kamata ya ce wayyo. Kuma wannan ana gyara shi da magana. Na tambayi ɗan yayata, matar nan da ka buge, da a ce Inna ce ta fito sayen koko fa? Ya ce ai ba Inna ba ce. Na ce to ranar da ta gudu ba takalmi mi ka ji? Bai amsa ba, amma daren nan shi da kanshi ya je ya nemo abin kunne.

Wasu ƙasashe sun bi ta hanyar hani gaba ɗaya, majalisar Iraƙi da gwamnatin Jodan sun hana PUBG a 2019, malaman Aceh a Indunusiya ma sun ba da fatawa a kanshi a shekarar. Ban ga laifinsu ba, amma kai da ke da yaro a ɗaki yau ba za ka zauna jiran doka ba.

Akwai inda abin ya wuce na zama a yi hira. Hukumar lafiya ta duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, kuma alamomin da ta faɗa uku ne, mutum ya kasa tsayar da kanshi, gem ya zama gaba da abinci da barci da karatu, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, a ɗauki kamar shekara ana haka. In ka ga yaro ya fara satar kuɗi, yana gudun lakwal, yana kwana ido biyu, yana dukan ƙannenshi in an kashe shi a wasa, to ka samu mushenshi da malaminshi na allo ku haɗa baki, in ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a kai shi asibiti a ga likita, ba abin kunya ba ne.

Gidan gem kuma ka taka da ƙafarka. Yawancin masu shi samari ne masu neman na kansu, ba mugaye ba, ka yi sallama ka gaisa ka ce ƙanena ga ɗana nan, in ya zo ka sa mishi ƙwallo ko tseren mota, ban da GTA ban da Mortal Kombat, kuma lokacin lakwal ka kore shi. Wanda na yi ma haka a unguwarsu ya karɓa da hannu biyu, har ya ce shi ma ya fi son ƙananan su buga ƙwallo don ba su cika faɗa a kanta ba. In kuka haɗu ku uku huɗu iyayen layi kuka je tare ya fi nauyi.

Kar kuma ka cire abu ka bar rami. Da muka goge San Andreas na sa mishi ƙwallo da Minecraft, na sayo musu ƙwallon roba ta jika ɗaya da rabi, ran juma'a bayan masallaci nakan biya mu buga wasa biyu ni da shi a waya. Free Fire na bar mishi bisa sharuɗɗan da na faɗa a sama, don duk abokanshi suna ciki kuma na ga in na raba shi da shi gaba ɗaya ɓoyewa zai koma yi.

Duk sati biyu ina karɓar wayar in duba a gabanshi, ba a ɓoye ba, ya san da haka tun farko. Satin da ya wuce na sake tarar da GTA ɗin a ciki, an canza mishi wuri an tura shi cikin wata jaka can ƙasa, ya ce wani abokinshi ne ya tura mishi ta Xender. Ban ɗaga murya ba, na miƙa mishi wayar na ce goge da hannunka, ya goge, sannan na ce gobe ka raka ni gidan su abokin nan in gaida babanshi.